Ba A Shiga Gaban Baba

Lokacin da na zauna a Sabha, wani garin Larabawa a can arewa cikin hamada, kuɗin mai ya riga ya raba mutanen garin da tafiyar ƙasa. Ko burodi mutum zai sayo a bakin layinsu sai ya tada mota. Duk inda ka waiga gini ake yi, duk ƙofar da ka wuce da sabuwar mota a gabanta, wata ko ledar kujerunta ba a ɓare ba. Mu da muka zo daga kudu mu ne masu ginin. Ni daga Damagaram na fito, ina saurayi, ga ƙarfi ga saurin fushi, ba ni da wata sana'a sai kwaɓa siminti da miƙa bulo. A unguwar Sukra muke aiki, a unguwar Manshiya muke kwana, a wani ɗakin haya bayan gareji.

Maginin da nake wa lebura dattijo ne daga wajen Tasawa. Kowa Baba yake ce masa, har Larabawan da ke ba mu aiki. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, in kuwa ya yi ta ba ya maimaitawa. Yana da wani baƙin keke mai nauyi, irin mai birkin ƙarfe, wanda yake gogewa da tsumma safe da yamma. Na taɓa ce masa keken nan ya fi shi samun wanka. Ya dube ni ya ce keken ya fi ni amfani, muka bar maganar a nan. Shi ya ja ni wajen wani mai gyara a Manshiya ya zaɓa mini nawa, na hannu, ya koya mini faci da ɗaure sarƙa. Tun daga ranar na huta da jiran motar mudir, wato mai kula da aikin, wadda ke lodin lebura kamar buhunan albasa.

Hawan ranar aiki ba shi da wani labari. Da sassafe sanyin hamadar Fezzan yana cin yatsu, mu ɗaure burodi a kariyar keke, mu ratsa tsakanin gareji da gareji, yara suna bin mu da dariya don a wurinsu keke kayan wasan yara ne, ba na mai gemu ba. Masu mota su danna mana oda, wani ya leƙo ya tambaya ko mai ne ya yi mana tsada. Ni in ji haushi in rama da baki, Baba ko waiwaye ba ya yi.

Hawan Juma'a shi ne hawa. Bayan la'asar Baba zai fito da kekensa, ya naɗe ƙafar wando, ya nufi kwaltar da ta fita gari ta yi arewa maso gabas. Ba saƙo za shi ba, ba ziyara ba. Ya ce duk mako jikinsa na mudir ne, yammacin Juma'a kaɗai ne nasa, kuma ba zai ƙarar da shi a kan tabarma yana sauraron wanda ya fi wani kewar gida ba. Da farko ni kaɗai nake bin sa. Daga baya wani tela Bakano da ke da shago kusa da ɗakinmu ya shigo, sai wasu 'yan ƙasarmu biyu masu aikin gona. Bakanon nan bakinsa ba ya hutawa, kuma da yake akwai wasa tsakanin Kanawa da Damagarawa, ni ne abincinsa. Ya ce a garinmu in an ga keke sai a ba shi ciyawa.

Ban san yadda zan kwatanta daɗin hanyar nan ga wanda bai hau ta ba. Kwalta ce sabuwa, baƙa wuluk, shimfiɗe a kan rairayi, ba rami ba kwana. Da ka bar gidajen ƙarshe sai hayaniya ta yanke, ba ka jin komai sai ƙarar taya da numfashinka. Tun da na zo ƙasar nan kullum wani ne ke gaya mini inda zan tsaya da abin da zan ɗauka. A kan hanyar nan ne kawai nake jin ni mutum ne mai tafiya don ya ga dama. Mukan yi nisa har rana ta yi ja, mu sauka mu yi magariba a kan rairayi, mu juyo.

Akwai tsarin da muke tafiya da shi, wanda ba wanda ya taɓa faɗa da baki. A gida in za ku gona ko kasuwar ƙauye, babba ne a gaba, na baya da shi yana biye, har zuwa ƙaramin cikinku. Ba a shiga gaban babba a hanya. Muka ɗauko wannan muka ɗora a kan keke ba tare da mun yi shawara ba. Baba a gaba, Bakano na biye, sai manoman nan biyu, sai ni a can ƙarshe don ni ne ƙarami. Ni kuma na fi kowa ƙarfin ƙafa. Wallahi rabin tafiyar a kan birki nake yin ta, ina cizon leɓe, ina kallon ƙeyar mutane huɗu. Baba tafiyarsa ɗaya ce, ba ya ƙarawa ba ya ragewa, ko gangara ce ko hawa. Sau da yawa raina ya ce in fizga in wuce su in ga iyakar abin da ƙafata za ta iya, amma ban taɓa yi ba.

A shekara ta biyu ne muka fara lura da idon Baba. Iska takan kwaso rairayi ta zuba a gefen kwalta, kuma duk mai keke ya san in tayarsa ta shiga ciki sai ƙasa. Baba da yake kauce wa irin wannan tun daga nesa, sai ga shi ya shiga tsakiyarsa ya kife. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce iskar tayar ce ta yi yawa. Muka ce haka ne. Wata Juma'ar kuma muka zo za mu wuce wata tsohuwar gangar kwalta da ma'aikatan hanya suka bari a tsaye, sai muka ji Baba ya ɗaga hannu ya yi mata sallama. Bakano ya fashe da dariya, ya buɗe baki zai yi tsiya, sai kuma ya haɗiye. A ranar muka tabbatar idon ne.

A wurin aiki ni na fi kowa sani, don ni ke tsaye kusa da shi. Bulo da igiya da ke gaban hancinsa yana ganinsu, kuma hannunsa ya san aikin. Amma in ya ajiye cokalin gini ɗan nesa kaɗan, sai ya lalubo shi. Na koma ina tura masa kaya kusa da hannu kamar ba da gangan ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, an ce asibitin garin nan suna duba ido." Ya ce, "To ka je a duba naka." Ban sake ba.

Abin da ke damunmu a fili yake. Hanyar nan ba tamu ce mu kaɗai ba. Tankokin mai da manyan motocin kaya suna bin ta da gudu kamar an koro su, kuma mutumin da ke ja mana gaba ba ya ganin abin da ya wuce tsawon ɗaki. In muka yi shiru, wata rana mota za ta kwashe shi a gabanmu. In muka ce ya koma baya, mun gaya masa ke nan ya tashi daga babba, kuma mun san Baba, ba zai koma baya ba, gida zai koma ya jingine keken, ya rasa abu ɗaya da yake nasa a ƙasar mutane. Muka zauna a shagon Bakano muka juya maganar ta kowace fuska. Kowa ya yarda a gaya masa, kowa kuma ya ce ba da bakinsa ba.

Sai muka shiga dabaru irin na marasa ƙarfin hali. Muka ce duk wanda ya hango wani abu a hanya ya kaɗa ƙararrawa. Juma'ar farko Baba ya tsaya ya ce mun mai da hanya gidan biki, in ba za mu yi shiru ba mu koma. Muka rage, amma ba mu daina ba, shi kuma ya koyi yin biris da mu. Sai Bakano ya kawo shawarar mu ƙi fita gaba ɗaya, wai in ba abokan tafiya zai haƙura. Ranar kowa ya ƙirƙiro ciwo. Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya hau kekensa ya tafi shi kaɗai. Ban taɓa jin tsoro irin na yammacin nan ba. Muka rarumi kekuna muka bi shi, masu ciwon ciki da masu ciwon baya duka, muka same shi ya yi nisa, yana tafe a tsakiyar kwalta.

Da kakar dabino ta zo, Baba ya ce za mu Zighan, wani ƙauye mai gonakin dabino. Tafiya ce ta yini guda, sai an fita da asuba a yi Juma'a a can a juyo da yamma. Manoman namu suna da 'yan'uwa da ke aiki a wata gonar dabino a wurin, kuma mun taɓa zuwa a shekarar da ta wuce muka ji daɗi. Wannan karon ba wanda ya yi murna, amma ba wanda ya musa.

Hantsi ya yi, mun wuce rabin hanya, sai na hango wata babbar motar kaya ta lalace a gefenmu na kwalta. Launinta launin ƙasa, ƙura ta rufe ta, direban ya jera duwatsu a bayanta yadda suke yi, ya tafi neman taimako. Daga can gaba kuma ga tankar mai tana tahowa, ta cinye ɗaya gefen. Baba yana tafe kai tsaye zuwa ga duwatsun, tafiyarsa ta kullum. Bakano ya kaɗa ƙararrawa, manoma suka kaɗa, na kaɗa. Baba bai ko rage ba. Bakano ya kira shi, amma ƙarar tankar ta danne muryar.

Ban yi tunani ba, ƙafata ce ta yi. Na miƙe a kan feda na wuce manoma, na wuce Bakano, na wuce Baba, na sha gabansa na kama kan kekensa na fizge mu duka zuwa rairayi. Muka zube tare, keke kan keke. Tankar ta wuce, iskarta ta watsa mana ƙasa a fuska.

Baba ya tashi zaune, hularsa a gefe, gwiwar hannunsa tana jini. Ya ce, "Kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "A gidanku haka aka koya maka, ka sha gaban babba ka kayar da shi?"

Zuciyata ta hau, kuma na gaya muku ni mai saurin fushi ne. Na ce, "Baba, ba ka gani. Kowa a nan ya san ba ka gani. Ga mota nan a gabanka, saura kaɗan ka shige ƙarƙashinta."

Abin da muka yi wata da watanni muna ɓoyewa, na zubar da shi a gaban kowa cikin numfashi ɗaya. Bakano ya sunkuyar da kai. Baba ya miƙe a hankali, ya taka zuwa inda na nuna, ya yi tuntuɓe da dutse ɗaya, ya miƙa hannu har ya taɓa ƙarfen motar. Ya daɗe tsaye da tafinsa a jikinta. Sannan ya dawo ya ɗaga kekensa, ya daidaita kan da ya karkace tsakanin gwiwoyinsa, ya hau. Ya zagaye motar ya ci gaba, muka bi shi a tsarinmu na kullum, ni a ƙarshe. Har muka isa Zighan ban san ko na ceci mutum ba ne ko na kashe shi a tsaye.

Mai gonar wani tsohon Balarabe ne da ya yi fatauci zuwa Agadas a ƙuruciyarsa, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar dabino, aka kawo ɗanyen dabino a faranti da shayinsu mai kumfa da gyaɗa a ciki. Ya ga jinin hannun Baba ya ce, "Keke ya yi faɗa da kai?" Baba ya ce ƙasa ce ta kira shi gaisuwa. Aka yi dariya, ban da ni. Dabinon nan da na yi shekara ina marmari, ranar ko ɗanɗanonsa ban ji ba.

Da lokacin salla ya matso, Baba ya ce in ɗauko buta in zuba masa ruwa, hannunsa yana ciwo. Muka koma bayan wata rijiya, mu biyu. Ina zubawa yana wanke ciwon, bai dube ni ba. Na fara cewa ya yafe mini, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

Ya ce, "Tun yaushe kuka sani?"

Na ce, "Tun ranar ganga."

Ya yi ɗan murmushi. "Ashe ganga ce. Na yi ta mamakin mutumin da ba ya amsa sallama." Ya yarfe ruwan hannunsa. Sannan ya ce, "In za mu koma, kai ne a gaba. Amma wannan rigar taka ba ta da amfani, launinta ɗaya da hanya. Ka nemi fara. Fari nake gani."

Bayan an sauko daga masallaci, da muka zo hawa, Baba ya tsaya ya ce da jama'a, "Yaron nan ƙafarsa tana ƙaiƙayi, ya ishe ni da ƙarar birki a baya. Ku bar shi ya shiga gaba ya sha iska, ya ji yadda take." Kowa ya san abin da ake ciki, kowa kuma ya karɓa a yadda ya faɗa. Bakano ya tuɓe farar rigarsa ta Juma'a ya miƙo mini, ya karɓi tawa yana toshe hanci, yana cewa yau Kano ta yi wa Damagaram sutura. A ranar na ji ina ƙaunar mutumin nan har cikin raina, duk da bakinsa.

Gaban da na yi shekara biyu ina kwaɗayi, da na same shi ban ji daɗinsa ba. Ashe na gaba shi iska ke duka, na baya a inuwarsa suke tafiya, kuma tsohon nan ya daɗe yana sha mana ita bai taɓa faɗa ba. Ga shi ba ni da ikon gudu. Dole in riƙe tafiyar Baba, ba ƙari ba ragi, in kauce wa rairayi tun da wuri kuma a hankali don ya ga inda farin ya karkata ya bi. Ba na waiwaye, don kada ya ga kamar gadinsa nake yi. Da kunne nake tafiya, ina sauraron ƙarar sarƙarsa a bayana. In na yi sauri kaɗan sai in ji muryarsa, "Ina za ka, an kira ka ne?"

Bayan wannan ya yarda muka raka shi asibiti. Likitan ya duba ya ce ciwon daga ciki yake, an daɗe da shi, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ya ba shi maganin ɗigawa don a rage saurin tafiyar sauran. Mudir ya sauke shi daga kan gini ya mai da shi mai kula da ɗakin kaya, Baba bai yi gardama ba. Amma Juma'a ba ta wuce shi. Bakano ya ɗinka mini farar riga tawa ta kaina, mai faɗin baya, da ɗan aiki a bakin hannu. Kowace Alhamis sai na wanke ta na sa mata bula, don in ta yi dauɗa Baba yakan ce na dushe. Haka muka yi ta fita har sanyi ya shigo ya kusa fita, kuma a cikin duk hawan da na yi a rayuwata ba wanda nake tunawa kamar na watannin nan.

Wata Juma'a da yamma, gari garau, ba iska ba ƙura, mun bar gidajen ƙarshe ke nan, sai na daina jin sarƙar. Na ji ƙarar birki, na ji na Bakano, na ji na sauran. Na tsaya na waiwaya, karo na farko. Baba yana tsaye da ƙafafu a ƙasa, keken a tsakaninsu, fuskarsa tana kallon wani wuri ɗan gefe da inda nake. Tsakanina da shi bai fi tsawon keke biyu ba, rana tana dukan rigata.

Ya ce, "Ka sauya riga ne yau?"

Farar rigar nan ce dai a jikina. Na jawo kekena baya har na zo daidai kafaɗarsa. Ya miƙo hannu ya sami hannun rigar, ya bi bakinsa da yatsa har ya ji aikin da Bakano ya yi.

Ya ce, "Ita ce."

Hawaye ya zubo mini, na bar shi ya zuba tunda ba zai gani ba. Baba ya ɗaga ƙafa ya sauko, ya shafa sirdin sau ɗaya, ya turo mini kan keken.

Ya ce, "Riƙe mini."

Na riƙe nawa da hannu ɗaya, nasa da ɗaya. Ya dafa kafaɗata, muka juya gari a ƙasa.